Cajar da Na Haɗa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, kuma ko da na so in manta, akwai mutane a Kausani da suka ɗauki nauyin tuna min. Har yau idan na shiga garin a kan babur, sai wani daga cikin masu zama a gindin darbejiyar bakin masallaci ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, ya sauri?" Ni kuma in ce alhamdu lillahi, in ƙara wuta in wuce.

Ina aiki ne a ɗakin gwaje-gwajen lantarki na wata makaranta a Wudil. Ni ne mai jera wa ɗalibai kayan aiki, in nuna musu yadda ake narka dalma ba tare da sun ƙona tebur ba. A takarda ni ba injiniya ba ne. Amma tun ranar da na fara zuwa gaisuwa gidan su Sa'adatu aka laƙaba min sunan, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in gyara wa manya magana ba.

Baba, mahaifin matata Sa'adatu, manomi ne. (Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a nan zan fara ba.) Mu biyu ne mazajen 'ya'yansa mata, ni da Alhaji Mudi, mijin yayar Sa'adatu, mai sayar da taki a kasuwar Wudil. Duk farkon damina sai a ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida ana sauke buhuna. Ni kuwa in zo da lemo da burodi a leda. Wallahi ba wanda ya taɓa gwada mu a gidan nan. Ni ne nake gwada mu a raina, kullum kuma ni ke faɗuwa.

Tsakanina da Baba akwai kunya irin ta da. Ba na cin abinci a gabansa, ba ma haɗa ido, kuma maganarmu ba ta wuce ya gida, ya aiki, ya ruwa. Duk abin da ya fi haka ta bakin Sa'adatu yake bi, ya je ya dawo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Baba yana da injin feshi mai batir, irin wanda ake goyawa a baya, a danna kawai ba sai an yi ta buga hannu ba. Wake kuwa idan ya fara fure ba ya jiran kowa, in ba a fesa masa magani a kan lokaci ba ƙwari su gama da shi. Matsalar ita ce cajar da injin ya zo da ita sai an sa ta a soket, gidan Baba kuma ba a ja wuta ba. Abin da ke akwai ɗan faifan sola ne a kan rufin zaure, na kunna ƙwan fitila biyu da cajin waya. Don haka duk sanda batirin ya sauka, sai Baba ya ɗaure shi a bayan keke ya taka har bakin titi, wajen Ɗan'asabe mai caji, wanda ke da janareta.

Wata rana da yamma na ci karo da Baba a hanya. Ba a daɗe da ɗauke ruwa ba, laka ta hana keken tafiya, ya naɗe ƙafar wando yana turawa. Na sauka daga babur na durƙusa (cikin lakar nan, don ba ni na zaɓi wurin ba), muka gaisa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Amma in za a faɗi gaskiya, a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan murmushi. Na samu abin da Alhaji Mudi ba zai iya saukewa daga a-kori-kura ba. Zan haɗa wa Baba cajar da za ta cika batirin daga faifan da ke kan rufinsa, ya huta da keke.

Haɗa irin wannan caja ba wani abin tsoro ba ne. Wuta za ta fito daga faifai ta shiga batir, aikin caja shi ne ta tsaya a tsakani tana lura. Idan batirin ya cika ta yanke, don in aka bar shi yana sha bayan ya ƙoshi, zafi zai yi, ya kumbura, ya mutu. Irin batirin Baba, idan ana cajinsa mita ta nuna sha huɗu da 'yan kai, to ya cika. A cikin kayan akwai wani ɗan mitsitsin abu da ake juyawa da sukundireba, da shi ake gaya wa caja inda za ta yanke. Sai ka sa mita kana kallo, kana juyawa a hankali, har ka ji makunnin ciki ya yi ƙas a daidai lambar da kake so. Shi ke nan aikin. Komai a kan mita ya rataya.

Mitar tawa ce ta kaina, rawaya, tun ina ɗalibi nake da ita, ba na ba kowa aronta. A kusurwar fuskarta akwai wani ɗan hoton batir da ya daɗe yana fitowa. Na san ma'anarsa, ni nake gaya wa ɗalibai ma'anarsa. Kullum sai in ce gobe in na bi ta kasuwa.

Na gama haɗi na sa kayan a cikin wata robar abinci mai murfi. Na huda ramuka biyu na 'yan fitilu, ja tana nufin ana caji, kore yana nufin ya cika. Na yi wa robar baƙin fenti. Sannan na rubuta sunana a gefe da fari, da kalmar Injiniya a gabansa (na ce ai da shi suka san ni, kada a ruɗe). Na kai Kausani, na jona da faifan, na yi wa Baba bayani ina kallon tabarma, shi kuma yana saurare yana kallon bango. Ja a jira, kore a cire. Ya sa min albarka mai tsawo, na yi ta cewa amin har na fita daga zauren da baya.

A lokacin cikin Sa'adatu ya tsufa, ta koma gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Na kira ta a waya na ce me Baba ya ce game da caja. Ta ce bari ta ji. Washegari ta kawo min amsa.

"Baba ya ce a gaya maka cajar akwai sauri. In ya jona ta ya tafi alwala, kafin ya dawo ta nuna kore."

To jama'a, ɗalibin da ya shigo makaranta jiya ma ya san cewa faifan da bai fi tiren shayi girma ba ba zai cika wannan batirin kafin a gama alwala ba, ko da alwalar mai waswasi ce. Wuni yake bukata, rana tana dukansa. Ni da kaina nake rubuta wa yara wannan lissafin a allo. Amma abin da kunnena ya ɗauka shi ne akwai sauri. Na miƙe a kan katifa ina kallon silin, ina tunanin ko dai na gano wani abu ne da duk masu ƙera caja a duniya suka tsallake.

Na kai labari wurin aiki, na ba duk wanda ya tsaya. Dakta Shu'aibu, shugaban sashenmu, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka koma ka auna?" Na ce ai manomin da ke amfani da ita ne ya ba da shaida, kuma dattijo ne da ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ya ce to madalla. Na fito daga ofishinsa ina jinjina yadda hassada ba ta ƙyale masu manyan digiri ba.

Duk bayan 'yan kwanaki sai in sake aikawa a tambaya, amsar kuma ba ta canzawa: akwai sauri, Allah ya yi albarka. Idan na je duba Sa'adatu nakan bi ta gonar Baba, in ga wake ya yi shar, ya yi fure, ya fara zuba 'ya'ya. Sai in tsaya a bakin gona in riƙe ƙugu kamar ni na shuka.

Sa'adatu ta sauka lafiya, aka samu mace. Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Abokan aikina suka zo mota guda, har da Dakta. Alhaji Mudi ya sauke lemon kwalba kiret-kiret. Ni kuma angon ƙarni na sha sabuwar farar shadda, babbar riga, wadda ta sha bugu har tana ƙara in na motsa. A al'ada, wanda aka yi wa haihuwar fari a gidan surukai ɓoyewa yake yi. Lungu yake samu can nesa da dattawa, ya zauna abokai su yi ta tsokanarsa har taro ya watse. Da na bi al'ada, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Ana cikin cin waina wani abokin aikina ya ce, ashe ma a gidan nan cajar nan take. Dakta ya ce zai so ya gan ta. A nan ya kamata in ce a bari wata rana. Sai kawai na ga na miƙe, na ratsa tabarmi har inda dattawa suke, na durƙusa a gaban Baba na ce baƙi suna son ganin caja.

Baba ya dubi baƙin. Ya ce, "Injiniya, a bar baƙi su ci abinci. Yau ranar hidima ce."

Na ce ai ba za a daɗe ba, Baba, tunda akwai sauri. Ya ce rana ma ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Na ɗaga kai na dubi sama (karo na farko ke nan da na ɗaga kai a gabansa), na ce wannan ta isa. Sau biyu dattijon nan yana nuna min hanyar tsira, sau biyu ina kauce mata.

Ya tashi da kansa ya shiga gida. Ya fito da injin feshi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma wani ƙunshi cikin farin ƙyalle mai tsabta. Ya kwance, sai ga cajata fes, ba ƙura, ba ƙwarzane. Dakta ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce kamar ba a amfani da ita. Na ce ai fentin ne mai kyau.

Baba ya ce batirin da ke cikin injin tun jiya ya sauka. Na ce ya yi daidai, haka ake so. Na jawo wayar faifan daga zaure na jona, fitila ta nuna ja. Mutane suka kewaye ni, dattawa, abokan aiki, da Alhaji Mudi riƙe da kwalbar lemo. Ganin an taru, sai na fara jawabi. Na yi magana a kan ƙarfin ranar da Allah ya hore mana, na yi magana a kan wahalar manomi, na ce zamanin tura keke a laka ya wuce. Ban kai ƙarshe ba aka ji ƙas, kore ya kama. Wani tsoho ya ce ikon Allah. Abokan aikina suka tafa. Alhaji Mudi ya girgiza kai ya ce lallai boko ya yi rana, kuma wannan maganar ta fi naman ragon yi min daɗi.

Da na tsaya a nan, da na koma Wudil da girmana. Amma na ce a kawo ruwa a gwada a gani. Na cika tanki, na naɗe hannuwan babbar riga a kafaɗa, na goya injin a kan farar shaddata, na ɗauki sandar feshi na nufi wani fili a gindin katanga, jama'a na biye da ni. Na danna. Injin ya yi gurnani, ruwa ya fita da kyau, na tsawon lokacin da mutum zai gyara tsayuwa ya waiga ya ga ko ana kallonsa. Daga nan gurnanin ya fara ja da baya. Feshi ya koma tsiyaya, tsiyaya ta koma ɗigo, ɗigon ya sauka a kan takalmina.

Na danna, na sake dannawa. Na ce wataƙila iska ce ta shiga bututu. Na sunkuya in duba, ashe wanda ya zuba ruwan bai ɗaure murfin tankin ba (ni na zuba). Ruwan ya kwararo ta ƙeyata, ya bi gadon baya, ya sauka har inda ba a son ganin jiƙa a jikin babban mutum.

Ina nan tsaye ina neman wani bayanin sai ga ƙarar babur. Ɗan'asabe mai caji ne ya zo barka. Mutum ne mai fara'a da babbar murya, irin masu fara gaisuwa tun daga nesa. Ya kafe babur, ya kwance wani abu daga bayan sirdi, ya ratso jama'a rungume da shi.

"Baba, barka da arziki, Allah ya raya. Ga batirinka na taho maka da shi, ya cika fal. Na ce yau da hidima ba za ka samu takowa ba. In an gama da na cikin injin sai a ba ni in tafi da shi, in yi masa caji kamar kullum."

Wani dattijo ya tambaya, ashe batir biyu ne. Ɗan'asabe, wanda bai san a kan me ya faɗo ba, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ai tun tsakiyar damina Baba ya ƙaro na biyu, ɗaya yana gona ɗaya yana wajensa. Ya ce Baba ya ma daina bin babbar hanya, ta bayan gari yake zagayowa, wai kada wani ya gan shi. Sai a lokacin idonsa ya faɗo kaina, a jiƙe, da inji a baya. Ya ce, "A'a, Injiniya, feshi ake yi?"

Na sha jin kunya a rayuwa, amma wannan daban ce. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da abin ya fi sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne hanyar bayan garin nan. Na san ta. Ta fi nisa, ta fi laka, akwai wani kwari a tsakiyarta da sai an ɗaga keke a kafaɗa. Kuma na san wanda ake gudun ya gani. Na haɗa caja don in raba dattijo da tura keke, sai na ƙara masa nisa, ya kuma yi damina guda yana ɓoye min don kada in ji ba daɗi. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka da babbar rigata.

Baba ya karɓi batirin, ya yi wa Ɗan'asabe godiya. Sannan ya juya wajen baƙi, ba wajena ba.

"Cajar Injiniya ba ta taɓa saɓa abin da ya faɗa ba. Duk sanda na jona ta sai ta nuna kore. Ni ne dai na saba da keken, in ban taka ba ƙafa sai ta yi tsami."

Dattawa suka ce haka ne, keke magani ne. Wani ya kawo labarin yayansa da ya daina hawa, gwiwa ta kama shi. Alhaji Mudi, Allah ya saka masa da alheri, ya ce shi ma ya daɗe yana tunanin ajiye mota ya sayi keke. Ina tsaye ruwa yana ɗiga daga rigata, gari guda ya koma hirar amfanin keke don a bar ni da ɗan abin da ya rage na mutuncina. Dakta ne ya matso ya kama min injin na sauke. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Gobe ka zo min da mitarka."

Washegari muka ɗora mitarsa da tawa a kan batir ɗaya. Tasa ta ce sha biyu, tawa ta ce sha huɗu da 'yan kai. Ita mita idan batirin cikinta ya yi sanyi ƙara lamba take yi. Wato na saita cajar ta yanke a daidai lokacin da batirin Baba ya fara jiƙa maƙoshi, ta kunna masa kore, ta koma ta huta. Dakta ya sa yatsa a kan ɗan hoton nan na kusurwa, ya dube ni. Batirin da mitar ke bukata kuwa irin ɗan ƙaramin nan ne mai kusurwa huɗu, wanda kowane mai shago a bakin kasuwa yake da shi.

Da na koma Kausani na tambayi Sa'adatu me ya sa ba ta gaya min ba, alhali tana ganin mahaifinta yana fita da keke. Tana shayar da jaririya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ka taɓa tambayata ko tana aiki ba. Kullum cewa kake me Baba ya ce." Ta ƙara da cewa Baba ne ma ya hana a faɗa, ya ce yaron nan ya sha wahala a kanta, har fenti ya yi mata.

Na ɗauko cajar na dawo da ita Wudil. Na saya wa mita sabon batir, na sake saiti, na auna da mitata, na auna da ta Dakta, na bar ta wuni guda a rana ina zaune a kusa da ita kamar mai jinya. Na shafe rubutun gefe da baƙin fenti. Na mayar da ita lokacin da na tabbatar Baba yana gona, na jona, na gudu.

Bayan kwana biyu Sa'adatu ta kira ni, tana wankan jego har lokacin. Ta ce Baba ya ba ta saƙo.

"Ya ce a tambaye ka ko lafiya, cajar ta daina sauri. Tun safe take nuna ja, sai bayan la'asar ta yi kore. Ya ce injin dai ya wuni yana feshi, amma ka zo ka duba ta, kada wani abu ne ya lalace."

Wannan ne karo na farko da Baba ya aiko min da ƙorafi tun da na auri 'yarsa, kuma ban taɓa samun saƙon da ya yi min daɗi kamarsa ba. A ranar na ji na zama ɗan gida. Duk da haka ban yarda ba sai da na je bakin titi na tambayi Ɗan'asabe. Ya ce rabonsa da ganin keken Baba tun ranar suna ta wuce da kaɗan, kuma bai yafe min ba, don na raba shi da mai kawo masa ɗanyar gyaɗa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan surukinka ya yabi aikinka, ka durƙusa ka ce amin, don albarka yake sa maka, ba sakamakon gwaji yake ba ka ba. In ka tashi, ka je ka auna da kanka. Kafin ka auna kuma, ka dubi kusurwar mitar. Su kuwa mutanen gindin darbejiya, kwanan baya na tsaya na amsa musu. Da suka ce Injiniya ya sauri, na ce ai an daina, sai bayan la'asar.